Kafin ƙasa ta sayi na'urorin sa ido

A wata tattaunawa da aka yi kan yaɗuwar na'urorin sa ido masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, shawarar da ta rinjaya ita ce a kafa doka kafin a kafa kyamara: wa zai ga hotunan fuskokin jama'a, ina za a ajiye su, har zuwa yaushe? Binciken cibiyar Carnegie ta Amurka na 2019 ya gano aƙalla ƙasashe 75 na amfani da su, kamfanin Huawei na ƙasar Sin kaɗai ya sayar wa 50. Wasu suka ce a guji kayan Sin. A ganina hakan bai wadatar ba, ai manhajar Pegasus, mai leƙen asirin wayoyin mutane, daga Isra'ila ta fito. An kuma ja kunnen gwamnatoci kan sayen kayan da bashi, don mai bin bashi yakan tsoma baki a siyasar ƙasa.