Neman kalma: me za mu ce wa "bailout" a rediyo?

Mai shirin safe, Katsina:
Assalamu alaikum. Jama'a ina neman taimako cikin gaggawa. Yau bayan Isha za mu naɗi shirin da zai fita gobe ƙarfe 8 na safe, kan jayayyar da ke tashi a majalisu idan tattalin arziki ya karye: a kai kuɗi bankuna ne, ko a kai asibiti da makaranta da albashi? Da Amurka zan buɗe. Ranar 29 ga Satumba 2008, mako biyu bayan rushewar bankin Lehman Brothers, majalisar wakilai ta yi fatali da buƙatar gwamnatin Bush ta dala biliyan 700, ƙuri'a 228 da 205. Kasuwar hannun jari ta zube a ranar, sai ga shi 3 ga Oktoba sun dawo sun amince. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kalmar bailout, wato kuɗin da gwamnati ke zuba wa bankuna don kada su faɗi. Na rubuta "tallafi" na soke. Mai shayi a Ƙofar Ƙwaya da direban da ke lodin Jibiya su ne masu saurarena, ina so su gane daga jin farko.

Ɗalibin jami'a:
Wa alaikumus salam. Yaya, ai muna da beli. Belin banki, shi ke nan.

Malamin Hausa, Daura:
A'a. Bahaushe na jin beli sai ya hango ofishin 'yan sanda da mai tsaya wa mutum. Zai ɗauka manajan bankin aka kama. Tallafi ma gwara da kika soke, na mai da na taki sun riga sun cinye kalmar. Ki ce "ceton bankuna". A 2015 da gwamnatin Buhari ta ba jihohi rance su biya bashin albashi, kuɗin ceto muka riƙa cewa a ɗakin malamai, ba wanda ya nemi a yi masa bayani.

Hajiya mai atamfa:
Fansa fa?

Mai shirin safe, Katsina:
Hajiya, don Allah ban da wannan. A jihar nan akwai gidajen da suka sayar da gona da shanu saboda kuɗin fansa. Ba zan iya ɗora ta a kan banki ba.

Hajiya mai atamfa:
Gaskiyarki, na janye. Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Baba mai ritaya, Ƙofar Sauri:
Ni ban yarda da ceto ba. Ceto kalma ce mai nauyi, ita muke roƙo ranar gobe ƙiyama, sannan a ɗauke ta a ba wanda ya yi caca da ajiyar mutane? Ga tawa: tokari. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san marka. Katanga ta sha ruwa, gindinta ya zaizaye, ta fara sunkuyowa lungu. Mi ake yi? A nemo azara a tokare ta, ba don ana son mai gidan ba, don kada ta danne yaran maƙwabta. Wanga shi ne ainihin hujjar da gwamnatoci ke bayarwa: bankin ya yi girman da in ya faɗi zai tafi da kowa. Tokarin banki. Shekara 35 na yi ina koyarwa, na san kalmar da za ta zauna.

Tsohon ma'aikacin banki:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, kwatancen ya yi. Ina kan kantar banki a watan Agustan 2009, lokacin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya cire shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420. Daga baya jimillar ta kai biliyan 620. Ba zan manta wata dattijuwa ba, ta zo tun kafin a buɗe ƙofa, littafin ajiyarta a ƙulle cikin leda a bakin zane. Kuɗin adashin mata goma sha biyu ne a hannunta. Tambaya ɗaya take maimaitawa: "Ɗana, suna nan?" Ita kam ceto aka yi mata. Ni kuma ba a rufe shekara ba aka sallame mu, mu ƙananan ma'aikata da ba mu taɓa sa hannu a rance ko ɗaya ba. Saboda haka ina jin zafin da Baba ke ji. Amma tokari ma bai faɗi wa ya sayi azarar ba.

Mai shirin safe, Katsina:
Nan ne damuwata take. Duk faɗan majalisar a kan wannan tambayar yake. A Birtaniya gwamnatin Gordon Brown ta zuba kusan fam biliyan 45 a Royal Bank of Scotland. Bayan zaɓen 2010 gwamnatin David Cameron ta shigo da tsuke bakin aljihu, aka zaftare kason ƙananan hukumomi, harajin kaya ya koma kashi 20 cikin 100, majalisa ta amince kuɗin jami'a ya kai fam 9,000 a shekara ɗalibai na zanga-zanga a ƙofarta. In na ce ceto kawai, na tsaya bayan gwamnati. In na ce an yi wa masu kuɗi gata, na tsaya bayan 'yan adawa. Ni kuwa ba a ba ni makirfo don in zaɓar wa mai sauraro ɓangare ba.

Ɗalibin jami'a:
To ki duba yadda BBC Hausa suke faɗa mana, ki bi su. Su kowa ke ji.

Baba mai ritaya, Ƙofar Sauri:
Ka ji matsalar. Sai an faɗa daga Landan ko an buga a Kano sannan ta zama Hausa? Garin da ke da Gobarau, garin da aka buɗe kwalejin horon malamai tun 1922, shi zai jira a aiko mashi da kalma? Mu muke da harshen ga.

Malamin Hausa, Daura:
Allah ya gafarta Malam, in maganar asali ce, rijiyar Kusugu tana nan Daura, kuma ban ce don haka kowa ya bi bakina ba. Daidaitacciyar Hausa ba ta Kanawa ba ce su kaɗai, yarjejeniya ce don ɗan Maradi da ɗan Zariya su karanta takarda ɗaya. Kuma tokari yana da aibi: tokare hanya, tokare ƙofa. Wani zai ji kamar an hana bankin aiki ne.

Baba mai ritaya, Ƙofar Sauri:
Ceto ma ai yana da ma'ana biyu, ba ka ce komai ba. Kowace kalma sai an yi ta faɗa take zama. Wa ya san "tsuke bakin aljihu" zai zauna kafin a sha wahalar zamanin Shagari da Babangida?

Ɗalibin jami'a:
Baba, mu matasa gaskiya turancin muke faɗa.

Baba mai ritaya, Ƙofar Sauri:
Shi ya sa nake nan ina gardama da la'asar sakaliya maimakon in huta.

Hajiya mai atamfa:
Ku yi haƙuri, yarinyar nan lokaci na ƙure mata kuna ta Kano da Daura. Mu a kasuwa in ɗan'uwa ya karye, 'yan layi kan haɗa masa jari ya tashi. Amma kowa ya san nawa ya bayar, kuma an san ranar biya. Ɗiyata, ki faɗi mai kuɗin a cikin kalmar, shi ke nan.

Tsohon ma'aikacin banki:
Hajiya ta gama magana. Amma a kula, ba kullum kyauta ba ce. Wani lokaci rance ne, wani lokaci gwamnati hannun jari take saye, wani lokaci ruɓaɓɓen bashi take kwashewa, kamar aikin da aka kafa hukumar AMCON ta yi a 2010. Kada a ce "kuɗin haraji", don namu na 2009 daga Babban Banki suka fito. "Kuɗin gwamnati" ko "dukiyar jama'a" ya fi tsira.

Mai shirin safe, Katsina:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: a karon farko, "ceton bankuna da dukiyar jama'a", in bi shi da jimla ɗaya mai cewa rance ne ko sayen hannun jari. Bayan nan "kuɗin ceto". Baba, in ka yarda zan ari katangarka da azararka wajen bayyana hujjar masu goyon baya, don ban samu abin da ya fi su ba.

Baba mai ritaya, Ƙofar Sauri:
Kalma biyar a wurin ɗaya, wannan bayani ne, ba suna ba. Amma ki ɗauki katangar, na ba ki. Ki dai ce azara, kada ki ce katako. Ni a bakina tokari ne, kuma gobe ƙarfe 8 rediyona na kunne.

Malamin Hausa, Daura:
Saura ta karyewar tattalin arzikin ita kanta. Na ga kin rubuta "karye", ni "koma-baya" nake koyarwa, don karaya ta fi abin da ake nufi tsanani.

Mai shirin safe, Katsina:
Malam, an kira Magariba, ban ko buga rubutun ba. A bar wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.