Ina binciken gyambon ƙafar masu ciwon sukari ya dosa?

Ɗalibar Jinya: Assalamu alaikum. An kwantar mana da wani dattijo mai ciwon sukari wanda ya wuni da ƙusa a cikin takalminsa bai ji ba, sai da matarsa ta ga jini a safa, yanzu kuma likitoci na shawarar yanke masa yatsu biyu. Abin ya tsaya mini a rai. Malamaina, me masu bincike a duniya suka sa gaba a kan wannan matsala?

Likitan Sukari: Wa alaikumus salam, 'yata. A da hankali ya fi karkata ga abin da za a ɗaure gyambo da shi, amma yanzu ya koma kan hana shi fitowa da hana shi dawowa. Nazarin da Armstrong da Boulton da Bus suka wallafa a 2017 ya nuna cewa kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon sukari za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma kusan kashi 40 na waɗanda suka warke yakan dawo musu cikin shekara guda. Shi ya sa ake gwada auna zafin tafin ƙafa a gida kullum, domin idan wani wuri ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar zafi da digiri 2.2 na ma'aunin Celsius kwana biyu a jere, alama ce ta kumburi tun fata ba ta fashe ba. Ga gyambon tafin ƙafa kuwa, ƙa'idojin 2023 na IWGDF, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu ciwon sukari, sun fifita ɗaurin da ba ya ciruwa, mai kaiwa gwiwa, wanda ke ɗauke nauyi daga ciwon.

Tsohon Malamin Asibiti: Likita ya yi gaskiya, sai dai yawancin wannan bincike daga Amurka da Turai da Sin yake fitowa, inda majinyaci ke zuwa da wuri. Namu sai ƙafa ta yi baƙi tana wari, bayan an gama shafe-shafe a gida. Binciken MEDFUN, wanda aka yi a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka kwantar da gyambon an yanke musu wani sashe na ƙafa. A ganina shirin da aka fara a Tanzaniya da Indiya a 2003, na koya wa likitoci da ma'aikatan jinya duba ƙafa mataki-mataki, ya fi dacewa da mu.

Ɗalibar Jinya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Gobe zan roƙi shugabar ɗakinmu ta koya mini gwajin ji da ake yi wa tafin ƙafa da siririn zaren roba mai danna fata da nauyin giram 10.