Neman sunan Hausa ga sifektiromita mai solenoyid

Malamin Kimiyya, karkarar Ringim: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan yi wa ɗaliban ajin ƙarshe darasi kan yadda sinadarai masu nauyi ke samuwa a cikin taurari, amma na rasa sunan Hausa da zan ba wata na'ura da ke taimakawa wajen binciken hakan, wato sifektiromita mai solenoyid. Ana harba cibiyoyin ƙwayar zarra masu gajeren rai kan siririn fallen roba a cikin bututun maganaɗisu, sai furoton ɗin (ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra) da ya fice ya yi zagaye guda ya dawo tsakiyar bututun, inda ma'aunin da aka yi da sinadarin silikon ke auna kuzarinsa da wurin da ya sauka.

Mai Fassara, Gumel: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ba da shawarar "ma'aunin kuzari mai naɗin waya", tunda solenoyid waya ce da aka nannaɗe, wadda lantarki ke mayarwa maganaɗisu.

Tsohon Hedimasta, Garki: Sunan ya yi tsawo, ɗana. Ku ce "rariyar taurari", domin aikinta rarrabewa ne. Sannan ku daina cewa maganaɗisu, wanda aron Larabci ne, alhali muna da mayen ƙarfe tun kaka da kakanni.

Malama, Dambatta: Baba, a gafarce ni, na'urar ba ta taɓa tauraro ba. Irin wannan na'ura mai suna HELIOS, wadda ta fara aiki a ɗakin binciken Argonne na Amurka a 2008, da wadda ke CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, mai maganaɗisun tesla 4 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) da aka ɗauko daga Ostireliya, duka an gina su ne da tsofaffin maganaɗisun hoton asibiti na MRI, kuma abin da suke aunawa matakan kuzarin cibiyar zarra ne. Idan yaro ya ji "rariyar taurari", zai ɗauka madubin hangen sama ce.

Tsohon Hedimasta: Ku mutanen Kano kun saba ganin kalma ba ta da daraja sai ta yi ƙamshin boko.

Mai Fassara: Ranka ya daɗe, ai "hedimasta" ma ba a Garki aka haife ta ba, kuma "zarra" da ba ku yi ƙorafi a kanta ba Larabci ce.

Malamin Kimiyya: Zan rubuta "ma'aunin kuzari mai naɗin waya" a allo, in ambaci mayen ƙarfe a bayani. Furoton da silikon kuwa zan bar su yadda suke.

Tsohon Hedimasta: Na amince da rabi, amma yaran da kansu za su gajarta shi kafin a tashi.