Neman shawara: in bari a yi wa kyanwata akufanca?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kyanwata ta kai shekara 13, kwanan nan ta daina hawa kujera, in ta tashi daga barci sai ta yi ta ɗingishi. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ya ɗora ta kan maganin rage zafi mai suna meloxicam, amma yana fargabar ƙodarta idan aka daɗe ana sha. Shi ne ya kawo maganar akufanca, wannan tsira siraran allurai na mutanen Sin. Ni dai abin ya ɗaure min kai. Me ya haɗa allura a ƙafa da ƙwaƙwalwa? In yarda ko in haƙura?

Wani likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Haɗin na nan. Allurar tana taɓa ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata da cikin tsoka, saƙon ya bi laka ya haura ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saki sinadaranta na kashe zafi irin su endofin. A 1976 wani masanin kimiyya mai suna Bruce Pomeranz ya gwada a kan ɓeraye: da ya ba su naloxone, maganin da ke toshe aikin waɗannan sinadarai, sai sauƙin da allurar ke kawowa ya ɓace. A 2010 kuma aka gano wani sinadarin jiki mai suna adenosin yana taruwa a inda aka tsira allurar, yana rage raɗaɗi a wurin. Amma ki sani, zafi take ragewa, ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye.

Wani mamba:
Likita, a gafarce ni, ɓera daban kyanwa daban. Bitar da aka yi a 2006 kan binciken akufanca a dabbobin gida ba ta sami ƙwaƙƙwarar hujja ba. Ko a mutane, manyan gwaje-gwajen Jamus kan ciwon baya sun nuna allurar gaske da wadda aka tsira ba a gurbinta ba kusan sakamako ɗaya suka bayar. Sannan mai dabba yakan ga sauƙi ko da babu shi, saboda ya ƙagu ya gani.

Wata mamba:
Tawa an yi mata sau biyar. Farko ta yi fishi, daga baya har gyangyaɗi take da allurai a gadon baya. Na ga kamar ta samu sauƙi, amma a lokacin ne muka rage mata ƙiba, don haka ban san wanne ya yi aiki ba.

Likitan ya ƙara:
Maganarka gaskiya ce malam. Shi ya sa nake cewa kada mai tambaya ta ajiye meloxicam ɗin sai da izinin likitanta. Ki ɗauki bidiyon tafiyarta yanzu, ki sake ɗauka bayan wata guda ki kwatanta. Wanda zai yi ya zama likitan dabbobi mai horo a kai. Kuma don Allah kada ki ba ta parasitamol, guba ce ga kyanwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Bidiyon ma yau zan fara ɗauka, gobe kuma in tambayi likita batun gwajin ƙodar.