Muhawara: Shin Kociyoyi Ne Suka Jefa Chicago White Sox Cikin Masifar Kakar 2024?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son mu zauna a kan wannan batu a tsanake, domin duk sa'ad da aka taɓo shi baki da baki sai hayaniya ta hana kowa jin kowa. Ga waɗanda ba su bibiyar wasan besbol, ƙungiyar Chicago White Sox ta buga wasanni 162 a kakar 2024, ta yi nasara a 41, aka doke ta a 121, kuma tun daga shekarar 1900 babu ƙungiyar da ta sha kaye da yawa haka a kaka guda, domin har New York Mets ta 1962, wadda aka doke sau 120, ta samu wanda ya sauke mata wannan kaya. Ra'ayina shi ne babban koci Pedro Grifol da mataimakansa su ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na laifin. Ƙungiyar ta buɗe kaka da nasara 3 a wasanni 25, daga baya kuma aka doke ta sau 21 a jere, abin da ya yi daidai da mafi munin tarihin rukunin American League (ɗaya daga cikin manyan rukunoni biyu na babbar gasar besbol ta Amurka) wanda Baltimore Orioles ta kafa a 1988. Rashin gwanaye yana iya sa a riƙa doke ka, amma a yi mako uku cur ba a ɗanɗana nasara ba, wannan alama ce ta gidan da ba shi da mai tsawatarwa. Da aka sallami Grifol ranar 8 ga Agusta tare da mataimakansa uku, ni dai cewa na yi an makara.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Yaya. Da girmamawa nake cewa an bar jaki ana dukan taiki. A besbol babban koci ba shi ke sayen 'yan wasa ba, ba shi ke sayar da su ba. Wannan aikin babban manaja ne, wato Chris Getz, kuma abin da aka ɗora wa koci shi ne ya tsara jerin masu bugu, ya yanke lokacin da za a sauya mai jifa, ya kuma riƙe zaman lafiyar ɗakin 'yan wasa. To a duba abin da aka miƙa wa Grifol. Saura kimanin mako biyu a fara kaka aka yi musayar Dylan Cease, babban mai jifan ƙungiyar, zuwa San Diego Padres, inda a watan Yuli ya yi wasa guda sukutum bai bari ko mutum ɗaya na Washington Nationals ya samu bugu mai kyau a kansa ba. Tun a makonnin farko Luis Robert Jr. da Yoán Moncada da Eloy Jiménez, waɗanda su ne ake sa ran za su riƙa kawo maki, duk suka ji rauni, har Moncada ya ƙare kakar da wasanni 12 kacal. Da ƙarshen Yuli ya zo kuma aka rabu da Erick Fedde da Tommy Pham da Michael Kopech da Paul DeJong da shi kansa Jiménez. Wane magini ne za a kwashe masa tubali sannan a tuhume shi da rashin ɗaki?

Kuma tunda Yaya ya ambaci Mets ta 1962, ya kamata a tuna wanda ya ja ragamarta. Casey Stengel ne, mutumin da ya ci kofin World Series, wato kofin zakaran gasar baki ɗaya, sau bakwai tare da New York Yankees. Bai manta wasan ba a cikin shekara biyu. 'Yan wasan da ke gabansa ne suka sauya.

Malamar Lissafi:
Ina neman izinin manya in shigo da alƙaluma, domin ina ganin kowannenku yana da gaskiya, sai dai ba daidai gwargwado ba. A kakar nan White Sox ta ci maki 507, aka ci ta 813, wato giɓin maki 306, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta ƙarancin maki a cikin ƙungiyoyi 30 na gasar. Akwai wani lissafi da masanin alƙaluman besbol Bill James ya ƙirƙiro, wanda ke kimanta yawan nasarar da ta dace da ƙungiya idan aka dubi makin da ta ci da wanda aka ci ta, kuma idan aka saka waɗannan alƙaluma a cikinsa, abin da ke fitowa shi ne nasara kimanin 48. Ke nan ƙungiyar ta gaza abin da ƙarfinta ya cancanta da wasanni bakwai. Ko da mun ɗauki duka bakwai ɗin mun ɗora a kan kuskuren koci wajen sauya masu jifa, ba mu bar wa rashin sa'a ko ɗaya ba, za a wayi gari da ƙungiyar da aka doke sau 114, wadda har yanzu tana cikin mafiya muni a tarihi. Saboda haka ina yarda da Baban Hafsat cewa mai yiwuwa wani koci da ya kauce wa kafa tarihin abin kunya, amma ban ga yadda zai kauce wa kunyar kanta ba.

Sannan akwai gwajin da aka yi a zahiri. Grifol ya bar ƙungiyar da nasara 28 da shan kaye 89, wato kusan kashi 24 cikin ɗari. Grady Sizemore, wanda ya riƙe ƙwarya, ya samu nasara 13 da shan kaye 32, kusan kashi 29 cikin ɗari, kuma biyar daga cikin nasarorin nan a wasanni shida na ƙarshe suka zo. Kafin wannan mako na ƙarshe babu wani bambanci da ido zai gani, har ma an sake doke su sau 12 a jere a hannunsa.

Kawu Mai Horo:
'Yata, lissafinki ya yi kyau, amma akwai abin da alƙalami ba ya kamawa. Na yi shekaru ina horar da yara ƙwallon ƙafa a makarantar sakandare, kuma duk da cewa wasan daban ne, ɗan Adam ɗaya ne. Makin nan 507 da kika ɗauka tamkar ƙaddara, ai 'yan wasa ne suka ci shi a ƙarƙashin horon wasu mutane, don haka idan horon ya lalace, alƙaluman da kika fara lissafi da su sun riga sun gurɓata. Ku tuna cewa a watan Agustan 2023, bayan an yi musayarsa zuwa Yankees, mai jifa Keynan Middleton ya shaida wa kafar ESPN cewa ƙungiyar ba ta da dokoki, ana samun wanda ke barci a lokacin wasa, ana samun masu ƙin halartar taro da atisaye ba tare da wani hukunci ba. Shugabannin ƙungiyar sun musanta, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan kaka ta farko ta Grifol an doke su sau 101 alhali Cease da Robert suna nan lafiya ƙalau. A watan Mayun 2024 kuma, bayan Orioles ta doke su, Grifol ya fito gaban 'yan jarida ya ce yawancin 'yan wasansa ba su nuna kuzari ba, sai ga wasu daga cikinsu sun fito suna cewa ba haka suke gani ba. Duk wanda ya taɓa riƙe yara ya san cewa ranar da ka yi faɗa aka mayar maka da martani a bainar jama'a, ranar ce sandarka ta karye.

Ga kuma misalai ga masu cewa koci ba ya sauya komai. A 2022 Philadelphia Phillies ta sallami Joe Girardi tana da nasara 22 da shan kaye 29, Rob Thomson ya karɓa da 'yan wasan nan dai, ya kai su World Series. A 2003 Florida Marlins ta sauke Jeff Torborg a watan Mayu, Jack McKeon ya karɓa yana da shekara 72, ya ɗauko kofin.

Ɗan Zazzau:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma misalan nan zaɓo su aka yi. Kwana huɗu bayan sallamar Girardi, Los Angeles Angels ita ma ta sallami Joe Maddon, wanda ya ci kofi da Chicago Cubs a 2016, saboda an doke su sau 12 a jere. Phil Nevin ya karɓa, yana da manyan taurari Shohei Ohtani da Mike Trout a hannu, suka ƙare da nasara 73 da shan kaye 89. Ana tuna Thomson ne domin abin ya yi daɗi, ana manta Nevin domin babu labari a cikinsa. Phillies kuwa tana da Bryce Harper da Kyle Schwarber da Zack Wheeler, ƙungiya ce mai ƙarfi da ta yi tuntuɓe, ba gurguwa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Kansas City Royals, wadda ke rukuni ɗaya da White Sox. A 2023 an doke ta sau 106 a hannun Matt Quatraro. Ba a kore shi ba. Aka sayo masa masu jifa Seth Lugo da Michael Wacha, Bobby Witt Jr. kuma ya balaga ya zama tauraro, sai ga ta a 2024 da nasara 86 da gurbi a wasannin neman kofi. Koci bai sauya ba, kayan aiki ne suka sauya. Game da rashin tsari kuma, karon da 'yan wasan White Sox Miguel Vargas da Andrew Benintendi suka yi a Baltimore a farkon Satumba, lokacin da suka bi ƙwallo ɗaya a sama ta faɗi aka ci maki uku, wanda ya zama abin dariya a faɗin Amurka, ai bayan tafiyar Grifol ya faru.

Baban Hafsat:
Ƙanena, ka taimake ni ba ka sani ba. Halin da aka shuka a kaka biyu ba ya gushewa a mako huɗu, kuma mafi yawan mataimakan da suka yi aiki da Grifol suna nan a lokacin. Amma bari in kawo hujjar da ta fi damuna, wato mai jifa Michael Kopech. A White Sox ana cin sa maki 4.74 a kowane zango tara (wato tsawon cikakken wasa guda), har masoya suna riƙe numfashi idan ya shigo. Da ya koma Los Angeles Dodgers a ƙarshen Yuli, alƙalumansa suka sauko zuwa 1.13, ya kuma ƙare shekarar da kofin World Series. Hannu ɗaya ne, shekara ɗaya ce. Idan ba masu horarwa ba ne suka bambanta, me ya bambanta?

Malamar Lissafi:
Wannan hujja ce mai nauyi, Yaya, ban raina ta ba, sai dai wasanni 24 ne kawai Kopech ya buga wa Dodgers a ragowar kakar, kuma masu jifan ƙarshen wasa sun shahara da hawa da sauka a ɗan taƙin lokaci irin wannan. Idan kuma za mu tuhumi kocin masu jifa Ethan Katz da Kopech, adalci ya ce mu yaba masa da Garrett Crochet, wanda bai taɓa buɗe wasa a babbar gasa ba kafin 2024, amma ya fitar da masu bugu 209 a zango 146, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar, da kuma Fedde, wanda ya dawo daga Koriya ta Kudu ya yi jifa mai kyau har St. Louis Cardinals ta neme shi. Duk da wannan ƙoƙari Crochet ya ƙare da nasara 6 da shan kaye 12, saboda abokansa ba sa cin maki. A ɓangaren bugun kuwa, an yi kociyoyi uku a kaka uku, Frank Menechino a 2022, José Castro a 2023, Marcus Thames a 2024, kuma makin ƙungiyar raguwa ya riƙa yi kowace shekara.

Alhaji Na Bakin Tafki:
Na karanta duka, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne kuna ta gardama a kan yaron shago, babu wanda ya tambayi mai shagon. Wa ya ɗauko Grifol, wanda bai taɓa zama babban koci a wannan mataki ba? Jerry Reinsdorf ke riƙe da ƙungiyar tun 1981. A zamaninsa aka sallami koci Rick Renteria bayan ya kai su wasannin neman kofi a 2020, aka dawo da Tony La Russa yana da shekara 76 bayan ya yi kusan shekara goma bai ja ragamar ƙungiya ba. Ya ci rukuni da nasara 93 a 2021, a 2022 aka koma 81 da 81. Da abin ya dagule a Agustan 2023 aka kori manyan jami'an gudanarwa Kenny Williams da Rick Hahn, maimakon a fita neman sabon jini, cikin kwana tara aka ɗaga Getz, wanda shi ne ya shafe shekaru yana kula da renon matasan ƙungiyar, matasan da ake kukan ba su taso ba. Kwantiragi mafi tsada da ƙungiyar ta taɓa bayarwa zuwa lokacin shi ne dala miliyan 75 na Benintendi, a gasar da wasu ke ba mutum ɗaya sama da miliyan 300. Kuma ku da kuka saba da ƙwallon ƙafa ku lura, a nan babu faɗawa ƙaramin rukuni, don haka mai ƙungiya yana iya shan kaye 121 ya wayi gari yana nan daram a babbar gasa. Mutanen unguwar kudancin Chicago sun gane wannan, shi ya sa a wasannin ƙarshe na gida abin da suke rerawa shi ne a sayar da ƙungiyar, ba a kori koci ba.

Kawu Mai Horo:
Ranka ya daɗe, ban yi jayayya da wannan ba, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi aiki ya karɓi albashi, ya kuma yi alkawari a ranar da aka gabatar da shi cewa ƙungiyarsa za ta kasance mai shiri da ƙwazo, ba zai ce ba ruwansa ba idan aka tashi da nasara 89 da shan kaye 190 a kaka biyun da Grifol ya yi. Laifin mai shago bai wanke yaron shago ba.

Baban Hafsat:
Kuma Alhaji, a 2025 Reinsdorf yana nan, Getz yana nan, an ma rabu da Crochet an tura shi Boston Red Sox, amma sabon koci Will Venable ya zo ya samu nasara 60. Ƙarin nasara 19 ke nan, kuma babban abin da ya sauya a shugabancin shi ne kujerar koci.

Ɗan Zazzau:
Ba ita kaɗai ba, Yaya. Kyle Teel da Chase Meidroth, waɗanda aka karɓo a musayar Crochet, sun shigo jerin masu bugu, Colson Montgomery ya taso daga ƙananan ƙungiyoyi a watan Yuli ya riƙa cin maki da bugun da ke fitar da ƙwallo waje. Kuma nasara 60 ɗin nan tana tafe da shan kaye 102, wato ɗaya fiye da na kakar farko ta Grifol, wadda Kawu ya kafa hujja da ita ɗazu.