Rigakafin ciwon sanyi: daga group ɗin matan unguwa

Maman Walid: Wallahi na gaji, fitsari kamar ana zuba min barkono, na sha cipro har ya daina min aiki. Ƙanina mai karatun likita yace a Amurka ana gwada rigakafin ciwon sanyi, wai ƙwayar E. coli da ta fi kawo shi tana da wani gashi-gashi a jikinta, a tsininsa akwai furotin FimH da take maƙalewa da shi a bangon mafitsara kar fitsari ya wanke ta, shi za a sa a allura jiki ya gane shi. Mu yaushe zai iso mana?

Hajiya Babba: Sanyi ba ƙwaya ba ce 'yata, zama kan siminti ne da rashin gasa jiki a jego.

Nas Rabi: Hajiya ki yi haƙuri, mu komai sanyi ne, ƙaiƙayi sanyi, ruwa mai wari sanyi, wanda miji ya kwaso ma sanyi. Na mafitsara daga hanji yake zuwa, hanyar fitsarin mace gajeriya ce shi ya sa ya fi kama mu.

Amaryar Alhaji: Mijin wa ya kwaso? In da ni kike ki fito fili

Nas Rabi: Ikon Allah, wa ya kira sunanki? Mai kaza a aljihu dai baya jimirin as.

Maman Ilham: Ni dai ba mai yi min allura, kun manta gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano 1996?

Nas Rabi: Wancan Trovan ne, maganin sanƙarau. Wannan ko fitowa bai yi ba, a Jami'ar Michigan ma furotin ɗin da ƙwayar ke kwasar sinadarin ƙarfe da shi aka gwada, a jikin ɓeraye.

Amaryar Alhaji: To yanzu kuma mun zama ɓeraye

Hajiya Babba: Yaran zamani, mun haifi goma ba mu san FimFim ɗin nan ba.

Maman Walid: Ba wadda ta amsa min fa 😭

Admin: An rufe maganar. Abin da aka tsayar, allurar ta ɓeraye ce, Nas da bakinta ta faɗa, kuma a dinga girmama manya. Maman Walid ki min magana ta private, akwai sabon haɗin maganin sanyi ya iso jiya.