Haƙorin da aka dasa wa Hajiyarmu yana girgiɗi

Maman Hanan, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan da aka dasa wa Hajiyarmu haƙoran turmi biyu a wani asibiti nan Jidda. Yanzu ɗaya yana girgiɗi in tana tauna, dasashin kuma na jini in ta goga aswaki. Tana da ciwon suga. Ta ce tunda ba ya ciwo, a bari sai ta koma Kano bayan sallah. Don Allah a ba mu shawara.

Abu Usman, Makka: Wa alaikumus salam. Kada a jira sallah. Dashe ba shi da jijiya irin ta haƙorin asali, ƙashi kan zaizaye mutum bai ji komai ba. Girgiɗin nan iri biyu ne. In ɗan notin da ya riƙe kan haƙorin ne ya saki, likita zai ɗaure shi ko ya canza, shi ke nan. In kuwa ƙarfen titaniyom ɗin da ke cikin muƙamuƙi ne ke motsi, galibi sai an cire. Hoton ƙashi ne zai raba gardama. Ni jinin ya fi damuna, domin kumburin dasashi yana warkewa da wanki in an tare shi da wuri, amma in ya kai ga ƙashi aiki ya yi tsawo, musamman ga mai suga.

Hajiya Babba, Madina: 'Yata, ku hana ta tauna ta wannan ɓarin, goro ma ta dakata. Nawa haƙoran na ƙasa masu maɓalli ne, waɗanda ake maƙalawa a kan dashen, da dare nake cirewa in wanke, robar maɓallin in ta saki a sa sabuwa. Aswaki sunna ne, ba na barinsa, amma ba ya shiga tsakanin dashe da dasashi. Sai ɗan siririn buroshin nan na sakace, kullum. Duk wata shida kuma ina gaban likita.

Abu Usman: Af, ku karɓi takarda mai sunan kamfanin dashen da lambarsa. Kowane kamfani da irin notinsa, ba lallai likitan Kano ya gane ba.

Maman Hanan: Allah ya saka da alheri. Takardar ba ta hannunmu, gobe in mun kai ta zan tambaya.